Sa hannun John Hancock da tabarau na Sarkin Ingila

Ana yawan cewa John Hancock ya zabga ƙaton sa hannu a takardar ayyana 'yancin Amurka ta 1776 ne don Sarki George na Uku ya karanta ba tare da tabarau ba. Labarin yana da daɗin ji, kuma ya dace da mutumin da jami'an kwastan na Ingila suka ƙwace wa jirgin ruwa mai suna Liberty a Boston a 1768. Amma yana damuna a riƙa koyar da shi a matsayin tarihi.

Hancock attajirin ɗan kasuwa ne da ya gaji kasuwancin baffansa a 1764, daga baya ya shiga majalisa. A 1776 shi ne shugaban Majalisar Nahiya, wato taron wakilan yankunan Amurka da ke neman 'yanci daga Ingila, a Filadelfiya, shi ya sa ya fara sa hannu, a tsakiya, wuri a buɗe. Takardar kuwa ba a aika wa sarki ita ba, majalisa ce ta ajiye abarta, yawancin wakilai ma sai 2 ga Agusta suka sa hannu. Zancen tabarau daga baya ya ɓullo. A duba wasiƙun da yake aika wa George Washington, babban kwamandan sojojin Amurka a lokacin: haka sa hannunsa yake, manya-manyan haruffa da ƙawa a ƙasa.