Kilishin Area 1 da wayar bayan haƙorana

Ranar da likita ya cire min ƙarfen daidaita haƙora na ɗauka na samu 'yanci. Kafin in tashi daga kujera sai ya ɗauko wata siririyar waya, ya manna ta da gam a bayan haƙorana shida na ƙasa, daga fiƙa zuwa fiƙa, don kada su koma inda suka fito. Ba mai ganinta. Kilishi ne kaɗai ya san da zamanta.

Na ci na Area 1, wata unguwa a Abuja, a mota, na shiga taro a ofis. Silin nama ɗaya ya shige ƙarƙashin wayar ya yi zamansa. Tsinken sakace ba ya kai wa can, sai na sa harshe aiki. Oga na bayanin kasafi, ni ina ta murguɗa baki. Ya dakata ya ce, "Malam, in lissafin bai yi maka ba, ka faɗa mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, lissafi daidai yake, nama ne ya maƙale."

Ba a jima ba dasashi ya kumbura, in na goge baki kumfar ta fito da jini. Likita ya leƙa ya ce ba wayar ce ke cizo ba, maɓoyar datti ce. Ƙarƙashin harshe ne mafitar yawu, shi ya sa dattin da ya taru a wurin yake saurin yin kanta, cikin 'yan kwanaki ya taurare, buroshi ba ya fitar da shi. Sai da ya kankare da inji. Ya ce in riƙa dawowa duk wata 6, in daina gatsar rake da goro da haƙoran gaba, don in wayar ta lanƙwashe ko gam ya ɓalle, tana iya tura haƙori gefe har dasashi ya janye.

Sannan ya ba ni wata allurar roba. Zaren sakace ba ya sauka ta sama, waya ta tare hanya. Sai ka zura zaren a allurar, ka cusa ta tsakanin haƙora ƙarƙashin waya, ka goga gefen kowane haƙori, ka zare, ka sake. Rami biyar, kowane dare.

Maiɗakina ta same ni gaban madubi, baki buɗe, ido ɗaya a rufe, ina neman kafar allura. Ta fita ba ta ce uffan ba, ta dawo da wandon makarantar yaro.

"Abban Sadiq, tunda ka koyi ɗinki, ga wannan ya yage."