Alat ba ya juya tsoho a kan gado

A watan Oktoban 2024 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar da ƙiyasin cewa mata miliyan 708 a faɗin duniya ba sa fita neman na kansu saboda suna kula da wani a gida, yaro ko majinyaci ko tsoho. Maza masu irin wannan uzuri miliyan 40 ne kacal. Alƙaluman ba su ba ni mamaki ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne amsar da ake bayarwa duk lokacin da aka ta da maganar: wai mace aka halitta da tausayi da juriya, shi namiji nasa ya nemo ya aiko.

To, a duba abin da ake kira jinyar. Uba ya samu shanyewar ɓarin jiki, sai an juya shi duk bayan 'yan sa'o'i don kada gyambo ya fito masa. Sai an yi masa wanka da tsarki, an canza shimfiɗa da tsakar dare, an lallashe shi ya haɗiye magani. Uwa ta kamu da ciwon mantuwa, tana tambaya ɗaya sau ashirin, wata rana ma ta ce ba ta san mai yi mata hidimar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin 100 na sa'o'in kula da masu wannan ciwo mata ne ke ɗaukar su. Wanne daga cikin waɗannan ayyuka ne hannun namiji ba zai iya ba? Ɗaga babban mutum daga gado zuwa banɗaki ma ƙarfi yake so, ƙarfin da maza ke tinƙaho da shi.

Maganar halitta ta rushe tun daga binciken da wata mai nazarin zamantakewa, Angelina Grigoryeva, ta gabatar a Amurka a 2014. Ta gano 'ya'ya mata na ba iyayensu sa'o'i 12.3 a wata, maza 5.6. Abin da ya fi tona asiri shi ne, namiji idan yana da 'yar'uwa sai ya rage nasa, mace idan tana da ɗan'uwa sai nata ya ƙaru. Ke nan ya iya, ya samu wadda zai jibga wa ne. Inda babu 'yar'uwa kuma, sau da yawa matarsa ce ke gadon aikin, shi kuma a yi ta sa masa albarka a bainar jama'a.

Masu cewa kunya ce ke hana ɗa wanke mahaifiyarsa su faɗa mana wa ke wanke mahaifinsa. Masu cewa a ɗauko ma'aikaciya kuwa, wata macen suka sake nemowa, a kan ladan da bai taka kara ya karya ba.

Ba na raina kuɗi, magani ba kyauta ba ne. Amma wanda ya tura alat ya koma barcinsa. Ita wadda ta ajiye aikinta ko karatunta shekara biyar, albashinta ya tafi, fanshonta ya tafi, bayanta ya ƙage, ranar da tsohon ya cika kuma babu mai lissafa mata ko kwana ɗaya. Umarnin kyautata wa iyaye idan sun tsufa, da ke cikin Suratul Isra'i, bai ware mata ya sallami maza ba.

Nan da 2050 masu shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1, kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, haihuwa kuma tana raguwa. 'Yan'uwa su zauna su raba kwanaki tun ciwo bai kwantar da kowa ba, wuraren aiki su ba maza hutun jinya, gwamnatoci su saka shekarun jinya cikin lissafin fansho. Ɗan da ke nesa ya ɗauki hutunsa na shekara ya zo ya karɓi dare, ƙanwarsa ta samu ta runtsa.