Ku sauka daga motar nan, don Allah

Na yi niyyar in yi shiru, wallahi na yi niyya. Amma tunda hoton ya zaga har ya dawo wayata sau uku, har da masu tambayata wai "ashe kai ka kai su?", to bari in amsa a taro. E, baƙin da suka zo min Kef Tawun, a Afirka ta Kudu, ni na kai su tsinin gaɓar teku da ake kira Cape of Good Hope inda suka ɗauki hoton, ni na tuƙa motar. Kuma abin da aka rubuta a ƙasan hoton, wai "Alhamdulillahi mun zo ƙarshen Afirka, inda tekuna biyu suka haɗu", ba haka ba ne. Allon da suka jeru a bayansa ma bai ce haka ba. Cewa ya yi nan ce ƙuryar kudu maso yammacin Afirka. Ainihin ƙarshen ta kudu yana Cape Agulhas, kimanin kilomita 150 daga nan ta gabas, kuma can aka shata iyakar Atlantika da Tekun Indiya. Da an tsaya an karanta allon da an gani. Amma ina, wa ke da lokacin karatu ana layin hoto?

Ba ma wannan ne ya ƙona min rai ba. Minti goma sha biyu! Na duba agogo. Mun baro Kef Tawun ana idar da sallar asuba, muka ci kusan kilomita 70, aka biya kuɗin shiga na baƙi wanda ba kaɗan ba ne, aka yi minti goma sha biyu a ƙasa. Mutum biyu ma ko fitowa ba su yi ba, wai iska. Alhaji, dattijon cikinsu, ya zuge gilashi rabi, ya leƙa, ya ce, "To, ai ruwa ne da dutse. Malam, mu juya kada a rufe kanti."

Ruwa ne da dutse. To, Allah ya ba da ladan ziyara.

Kwana biyar suka yi a garin nan, huɗu a cikin manyan kantuna, ana juya takalmin da yake jibge a Dubai, yake jibge a Abuja. Rana ɗaya tak na roƙa, na ce a ba ni in nuna musu abin da ba a sayarwa, ita ce aka yi mata haka. Kuma muna da bakin cewa mun je yawon buɗe ido. Wane idon aka buɗe? Hangen Dala ba shiga birni ba ne, mu muka yi karin maganar, mu ne kuma muka fi kowa yin hangen. Gaɓar teku irin wannan ba a ganinta ta gilashin mota. Sai ka sauka. Sai ka taka.

Bari in gaya muku abin da ke bayan allon nan da kuka juya wa baya. Daga wurin ajiye motoci akwai hanyar ƙafa da ta haura dutsen, ta bi bakin gaɓa har Cape Point, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ko da kana tsayawa. Kana fara hawa sai hayaniyar masu hoto ta ɗauke, ka koma jin numfashinka da rugugin ruwa a ƙasa, kamar hadari na tasowa amma bai ƙaraso ba. Rema na kwance a kan duwatsu tana shan hantsi, irin remar da muka sani, sai dai ta nan ba ta gudun mutum, kallonka kawai za ta yi kamar ka ci mata bashi. Ka murza ganyen ciyayin wurin a yatsa ka shinshina, ƙamshinsa kamar ka buɗe jakar mai maganin gargajiya. Ciyayin nan su ake kira fynbos, kuma yankin Kef yana da nau'in tsiro kusan 9,000, mafi yawansu babu su a ko'ina a duniya sai nan. Can ƙasa ga Diaz Beach, farin yashi tas a tsakanin bangwayen dutse, igiyar ruwa na zuwa ta daki dutsen ta tashi sama fari fat, iska ta kwaso feshin ta watsa maka, ka lashi leɓe ka ji gishiri. In ka yi sa'a ka tarar da jimina tana kiwo a bakin teku. Jimina fa, a bakin teku! Tsakanin Yuni da Nuwamba kuwa, in ka zauna ka natsu, kana iya ganin ƙaton kifin nan, wel, ya fesa ruwa ya nutse. Ni dai ban taɓa kaiwa saman nan ba tare da na ji bakina ya kama tasbihi da kansa ba. Ba iyayi ba ne, wurin ne ke sa ka ji ƙanƙantarka.

Duk wannan babu ko ɗaya da ke shigowa ta taga.

Kuma ga abin da na so in nuna wa Alhaji da ya fito. A Cape Point fitilun jagorar jiragen ruwa biyu ne. Ta farko an kunna ta a 1860, aka kafa ta can ƙololuwa, sama da mita 230 daga ruwa, don a hango ta daga nesa. Sai ya zamana hazo da gajimare sun fi son wurin, su lulluɓe ta, ranar da aka fi bukatarta ranar ba a ganinta. A 1911 wani jirgin Fotugal mai suna Lusitania ya daki dutsen Bellows ya nutse. Shi ne aka gina wata a ƙasa, mita 87 kacal daga ruwa, aka kunna ta a 1919. Fitila ma sai da aka sauko da ita kafin ta yi amfani, amma mutum ya ƙi saukowa daga kujerar mota. Baturen Fotugal ɗin nan Bartolomeu Dias, da ya zagaya wurin a 1488, Tsinin Guguwa ya raɗa masa don azabar da ya sha, daga baya aka sauya sunan ya koma na kyakkyawan fata, wato Cape of Good Hope. Shi a jirgin katako ya sha iskar. Ku cikin rigar sanyi biyu kun kasa minti ashirin.

Na san abin da za a zo a rubuta min a ƙasa, don haka bari in rage muku wahala.

"Ai dattijo ne, gwiwa." Dattijon da nake gani yana safa da marwa, sama da kilomita 3, ko haki ba ya yi? Dattijon da ya yini a tsaye a kanti jiya? Kuma akwai ɗan jirgin ƙasa da ke jan mutane zuwa gindin tsohuwar fitilar, an yi shi ne don masu gwiwa. Wuce nan. "Bahaushe bai iya ruwa ba." Wa ya ce ka shiga? Ni ma ba na shiga. Diaz Beach ma ba wurin wanka ba ne, ruwan na ja, kuma sanyinsa kamar an narka ƙanƙara, saboda igiyar ruwan sanyi ta Benguela da ke ɓangaren Atlantika. Tafiya na ce, ba iyo ba. "An ce akwai ɓarayi a kan duwatsu." Akwai, ba zan ɓoye ba, ana tare mutane a wasu hanyoyin Dutsen Tebur, babban dutsen da ke Kef Tawun, shi ya sa ba a tafiya mutum ɗaya. Mu shida ne. Sai kuma gwanayen, masu cewa "ai mu ma muna da duwatsu a gida." Madalla. Yaushe rabonka da hawan Dala? Ɗan Zariya, ka taɓa taka Kufena? Dutsen Zuma sau nawa ka wuce shi kana barci a mota? Cutar ɗaya ce, guzurinta kawai muka yi muka hau jirgi.

A hanyar dawowa na ce bari in gwada sa'a ta ƙarshe, na bi da su Chapman's Peak. Titi ne na kilomita 9 tsakanin Noordhoek da Hout Bay, mai lanƙwasa 114, an sassaƙe shi a jikin dutse, hagunka rami sai teku. Fursunoni aka sa suka fasa shi, daga 1915 har 1922. Shekara bakwai mutane na rataye a jikin dutse. A 2000 aka rufe shi bayan faɗowar dutse ta yi kisa, sai ƙarshen 2003 aka sake buɗewa da raga da rumfunan kankare. An yi wuraren tsayawa a gefe musamman don ka faka ka fito ka duba. Na faka. Na waiwaya. Kowa kansa a ƙasa, ana zaɓar wanda za a ɗora cikin hotunan allo.

Abu ɗaya da aka yi da hannu a duk ranar, shi ma ta taga aka yi shi. Ƙaramin cikinsu ya ga gwaggon biri a bakin titi ya jefa masa biskit, aka kwashe da dariya. Alluna ga su nan birjik an hana, har da tara. Birran nan suna da abincinsu, har bakin ruwa suke sauka su ɓamɓari kifin kwanso a jikin dutse su ci. Ranar da biri ya gane cewa abinci na fitowa daga mota, ya fara buɗe ƙofofi da fizgar jaka ke nan, ya shiga gidajen mutane, ƙarshensa a ce ya zama haɗari a harbe shi. Kai ka yi dariyar minti ɗaya ka hau jirgi, shi ka bar masa ajali. Na faɗa masa haka a wurin, ya ce, "Yaya, biskit ne fa kawai." E, kamar yadda wancan ruwa ne da dutse kawai.

Tsuntsayen fengwin na Boulders, a Simon's Town, ko tayi ban yi musu ba, na riga na karaya. A 1982 ma'aurata biyu suka fara zama a wurin, kukansu sak na jaki, kuma a 2024 aka sa irinsu cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Su ma sai an taka ake ganinsu.

Don haka duk mai zuwa nan gaba, ina maraba, ɗaki na nan, amma ka zo da takalmin tafiya. In kanti ka zo, ga lambar tasi.

Af, kafin in manta. Wanda ya bar hula zanna a kujerar baya, tana nan na ajiye. Kuma yajin da aka yi min alkawari tun watan azumi har yau ban gan shi ba. A Kalk Bay, tashar masunta a gefen Kef Tawun, akwai wani kifi da suke kira snoek, dogo, mai ƙaya kamar tsinken tsintsiya, masunta na saukewa a bakin tashar ka saya nan take. Su da jam ɗin 'ya'yan itace suke gasa shi, abin da har yau na kasa sabawa. Mai tahowa a watan gobe ya taimaka min da yaji gwangwani biyu, na ƙuli, ba mai citta da yawa ba.