Gwaggona da takardun shaidarta huɗu

Gwaggona ta haura shekara ashirin tana sana'ar man gyaɗa a unguwar Bagalam ta garin Maraɗi. Tun kafin assalatu take hura wuta, ta soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe, yaro ya kai inji. Da hantsi ta fara matsa da hannu har mai ya tsatso, tunkuza ta koma ƙuli-ƙuli. A bangon ɗakinta akwai takardun shaida huɗu, duka na bitar koyon kasuwanci. Ranar da na tambaye ta ko sun amfane ta, sai ta ce: "Ɗan nan, kwana ukku munka yi otal, anka ba mu abinci da kuɗɗin mota, anka koya muna lissahin riba. Ni da ka lissahin riba tun ba a haihe ka ba! Injin matsa nika so, shi ko ba wanda ya yi zancenai."

Ina so masu kawo tallafi Maraɗi su ji wannan magana da kyau, don sun daɗe suna ba mai ciwon ciki maganin ciwon kai.

Matan nan ba baƙin tattali ba ne. A jihar Maraɗi aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE: mata su haɗu duk mako su zuba abin da ya sawwaƙa cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, su ranta wa junansu, in zagaye ya cika su raba. Daga ƙauyukanmu dabarar ta bazu zuwa ƙasashen Afirka da Asiya da dama. Wanda ya zo koya wa waɗannan mata adana kuɗi ya makara.

Matsalar tana gaba da nan. Akwatin asusu yana iya ba mace jaka ashirin ko hamsin ta juya na 'yan watanni, amma ba ya sayen inji. In ta nufi banki a ce ta kawo jingina, takardar gida ko ta fili, alhali galibi da sunan maigida suke. In ta koma ƙananan bankunan bashi, dokar yankin kuɗin sefa ta yarda su ɗora ruwa har kashi 24 cikin ɗari a shekara, kuma da yawa cikin mutanenmu ba za su kusanci riba ba saboda addini, ko da an sassauta. Haka mace take tsayawa cak, ta fi ƙarfin asusu, banki kuma ya fi ƙarfinta. A daidai wannan giɓi ya kamata kuɗin tallafi ya shiga: a sayi injin, a sayar wa ƙungiyarsu a kan farashi sananne, su biya kaɗan-kaɗan.

Matasa ma haka. A tara yara arba'in a koya musu ɗinki, a raba kekuna, a ɗauki hoto, shi ke nan. Teloli sun yi wa unguwa yawa, ba mai komowa ya duba, bayan wata shida keken ya tafi kasuwa, yaro ya hau kabu-kabu ko ya kama hanyar Agadas. Alhazan garin nan ba haka suka yi renon yaransu ba. Yaro kan yi shekaru a shagon ubangidansa, ya san inda ake saro kaya, ya san wanda ake ba bashi da wanda ake hanawa, kafin a sallame shi da jari, kuma idon ubangida bai barinsa. Duk shirin da ba zai bi yaro shekara biyu ba, gara ya rage yawan yaran.

Ban ce bita ba ta da amfani ba. Macen da ta koyi rubuta bashi a littafi ta ƙaru. Sai dai ilimin bai tsare jari daga abin da ya fi cinye shi a nan, wato rufe iyakar Najeriya. An rufe hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya daga Agustan 2019 har Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wuta, masu niƙa da masu ƙanƙara suka zauna suna cin uwar kuɗi. Wannan ya isa ya nuna cewa inji mai aiki da hasken rana da kasuwar cikin gida, Yamai da Damagaram da Tawa, su ne abin nema. Man gwaggona a tsofaffin gorunan ruwa yake fita. Da za ta samu kwalba mai tsabta da tambari, manyan kantuna za su karɓa. Makarantun da ake dafa wa ɗalibai abinci ma suna iya sayen mai daga hannun ƙungiyoyin mata, in hukuma ta so.

Ƙungiyarsu gwaggo ta riga ta tara rabin kuɗin injin. Makon jiya aka aiko musu da takardar gayyata zuwa bita ta biyar.