Kwabo mai huji a tsakar gidan Zango

A Ingila da Amurka akwai mutanen da abin shaƙatawarsu ranar hutu shi ne su saɓa na'urar gano ƙarfe, su ƙwanƙwasa ƙofar wani tsohon gida, su roƙi izini, su yi ta kai-komo a farfajiya suna kasa kunne. In na'ura ta yi kuka su durƙusa su tona. Yawanci murfin kwalba ne ko tsohuwar ƙusa. Jefi-jefi kuma a ci karo da tsofaffin sulalla, ko irin 'yan ƙarafan nan da masu kantuna da kamfanonin haƙar ma'adinai suka riƙa bugawa da sunansu a da, waɗanda ba sa sayen komai sai a shagon da ya buga su. Samarinmu na Aboabo da Asawase, unguwannin Zango a Kumasi, suna kallon bidiyon waɗannan mutane a waya, kuma tambayarsu ba ta wuce ɗaya: nawa ake samu?

Ni Bakano ne, kasuwa ce ta zaunar da ni a Kumasi, kuma na tabbata a garuruwan nan biyu ba inda mai wannan na'ura zai sha da daɗi. A nan, kafin ya buɗe baki an kira shi ɗan galamse, wato mai haƙar zinariya ba da izini ba, domin duk wanda aka gani yana shinshinar ƙasa a yankin Ashanti zinariya yake nema. A Kano za a tuna masa 'yan haƙar Zamfara da waɗanda suka kwarara Jado ta Nijar a 2014 da irin wannan na'ura. In kuwa a tsakar gida aka same shi durƙushe yana tono, maganar ta bar zinariya ta koma asiri: ko dai binnewa ya zo yi, ko tonowa.

Ko da an bar shi ya yi aikinsa, na'urar kurma ce a kan mafi yawan tarihinmu. Ƙarfe kaɗai take ji. Kuɗin kakanninmu kuwa wuri ne, wanda ake kwasowa daga tekun Indiya. Lokacin da matafiyin nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da liyari guda, azurfar nan mai kan Maria Theresa da take ɗauke da shekarar 1780 ko da yaushe aka buga ta. Ka bi ta kan tukunya cike da wuri, na'ura ko tari ba za ta yi ba. Mutanen Ashanti su kuma da garin zinariya suke ciniki, ana aunawa da 'yan ma'aunai na tagulla masu siffar tsuntsu ko kifi ko mutum. Fataken Gwanja da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro ba su san ƙarfen kanti ba. Bashi da ajiya a bakin fatoma suke, maigidan da ya sauke ka shi ne shaidarka. Wannan ba ya faɗuwa a ƙasa balle a tono shi.

Yawancin kuɗin da na'ura za ta iya ji bai wuce na shekara ɗari da 'yan kai ba. Amma fa ɗan wannan ma ba abin rainawa ba ne. A 1907 Turawa suka fito da kwabo da anini masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci, yadda za a zura su a igiya kamar yadda aka saba da wuri. Aninin farko na alminiyam ne, bai jure ba, aka sauya masa ƙarfe. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi guda ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, a 1913 sule mai bishiyar kwakwar manja ya fito, na azurfa, har zuwa 1920 da aka koma farin ƙarfe mai ruwan tagulla. Ma'ana, kwabon da aka sayi ƙosai da shi a Kurmi shi ake karɓa a Kumasi, da Firitawun, da Banjul, ba ruwan kowa da ɗan canji. Ni da nake lissafin naira da sidi kullum har kaina ya yi zafi, wannan kaɗai ya isa ya sa in kalli kwabo mai huji da mutunci. Akwai ma na 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya ajiye sarauta bai cika shekara ba. A Ingila kanta ba a kashe kuɗi mai sunansa ba, mu muka kashe shi a nan. Kada wani ya ji haka ya ce ya yi arziki: an buga su da yawan gaske, farashinsu a wajen masu tarawa bai taka kara ya karya ba, duk kuwa da 'yan damfarar da ke yaɗa cewa kwabo mai huji miliyoyi ne. Daga nan sai sulallan Gana na 1958 masu kan Nkrumah, sai sidi a 1965, sai sabon sidi na 1967 da aka cire hotonsa bayan juyin mulkin 1966.

Inda Kano da Zango suka rabu shi ne buƙata. Bakano ba ya jiran kwabo ya gaya masa asalinsa. Dala tana nan, ragowar ganuwa na nan, Gidan Makama na nan, ba kuma mai tare shi ya tambaye shi yaushe kakansa ya zo. Ɗan Zango kuwa ana tambayarsa. Zangon Kumasi ya bunƙasa ne bayan Turawa sun shiga garin a 1896 da yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, jirgin ƙasa ya iso a 1903, kafin ya isa Kano. Amma a Nuwamban 1969 gwamnatin Gana ta Firayim Minista Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, aka kwashi mutanen da wasunsu ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Har yau yaron da aka haifi kakansa a unguwar Alabar ta Kumasi yakan sha tambayoyi a layin katin ɗan ƙasa saboda sunansa. Ba na cewa anini zai zama hujja a ofis. Shekarar da ke jikinsa ma ba ta faɗin ranar da ya faɗi, sai dai ta nuna bai faɗi kafin nan ba. Abin da nake cewa shi ne yaron da ya riƙe kwabon 1920 da ya fito daga ƙarƙashin ɗakin kakarsa, ba wanda zai sake gamsar da shi cewa shi baƙo ne.

Sai dai ta ina za a tona? Gidan cikin birnin Kano na ƙasa ne, in ya rushe a kan kufansa ake tayar da wani, don haka abin da ya faɗi yana nan a ƙasa. Gidan Zango na haya ne, iyali goma a tsakar gida ɗaya, an shafe ta da siminti, a ƙarƙashi kuma jar ƙasa mai sinadarin ƙarfe da ke rikita na'ura. Na taɓa ɗauko zancen a gaban tsohuwar da nake haya a gidanta, ta ce, "Ɗana, in ka fasa min siminti ka sami kwabo, wa zai biya birkila?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, hira ce."

Tambayarta tana da 'yar'uwa: in an samu, na wa ne? Ingila ta yi doka a 1996, wanda ya tono taska sai ya kai rahoto cikin kwana 14, a ƙimanta, a biya. Taskar zinariyar da aka gano a Staffordshire a 2009 ta haura fam miliyan uku, aka raba tsakanin mai na'ura da mai gona. Saboda haka mutum ba shi da dalilin ɓoyewa. A Gana tsarin mulkin 1992 ya damƙa duk ma'adinin da ke ƙasa a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, kayan tarihi kuma ba a tono su ko fitar da su sai da izinin hukumar gidajen tarihi. Mutanen Ashanti ba su manta 1921 ba, lokacin da masu aikin hanya suka ci karo da Kujerar Zinariya ta sarautarsu a maɓoyarta, wasu suka ɓalle adonta, aka kore su daga ƙasar. Mu ma malamanmu ba su bar batun ba: dukiyar da aka binne tun jahiliyya rikazi ce, a fitar da humusi, wadda ke da alamar mai ita tsintuwa ce, a yi cigiya shekara guda.

Ni dai da za a ji tawa, ba sai an sayi na'ura ba. Sulallan da suka rage sun fi yawa a adakar tsofaffi da gwangwanayen da ke ƙarƙashin gado, kuma kullum raguwa suke, don ranar rabon gado ba mai kallonsu, masu azurfar kuma maƙera suna narkewa su yi zobe. Ana ta rushe tsofaffin gidaje a Alabar da Akwatia Line ana tayar da benaye, tifa na kwashe ƙasar harsashi a zubar. A sa yara biyu da rariya a bakin ramin kafin tifa ta zo, a rubuta sunan gida da unguwa a jikin duk abin da ya fito, a sami kabad mai gilashi a fadar Sarkin Zango a jera. Kuɗin kabad ɗin bai kai abin da muke liƙa wa makaɗa a biki ɗaya ba.