Kafin ka biya kuɗin jirgin yawon Norwe, ka tambayi awa nawa zai tsaya

Jama'a, a 'yan shekarun nan 'yan uwanmu da Allah ya buɗa musu, musamman mazauna Turai, sun fara shiga manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido da ke ratsa gabar tekun Norwe. Abin farin ciki ne, domin tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma Alƙur'ani ma ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba. Ra'ayina a kan wannan tafiya shi ne: shiga ƙasar ta ruwa daidai ne, babu hanyar da ta fi ta. Amma katafaren jirgin da ke ɗaukar mutum dubu biyar, wanda zai sauke ka da hantsi ya busa ƙaho da la'asar, kyawun wurin kawai zai nuna maka. Tarihinsa yana kan tudu, kuma tarihi ba ya son gaggawa.

Abin da suke kira fiyod mashigin teku ne da ya kutsa can cikin ƙasa tsakanin duwatsu. Daskararriyar ƙanƙara ce ta yi shekaru dubbai tana jan ciki tana sassaƙe dutse, da ta narke sai ruwan teku ya cika ramin. Mafi tsawonsu a Norwe, Sognefjord, ya haura kilomita 200, zurfinsa kuma a wani wurin ya kai mita 1,300. Shi ya sa jirgi mai hawa goma sha wani abu yake iya matsowa dab da bangon dutse ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Kafin a fasa duwatsu a yi tituna, wannan ruwan shi ne hanya. Ta kansa ake zuwa kasuwa, ta kansa ake kai amarya, ta kansa ake kai gawa maƙabarta. Duk wanda ya shigo ta ruwa, ta ƙofar da masu wurin suka saba shiga ya shigo.

Mu ɗauki Geiranger, wanda hotonsa ne a kan kusan kowace takardar talla. Tsawon mashigin bai wuce kilomita 15 ba, kuma a 2005 hukumar UNESCO ta saka shi tare da Naeroyfjord cikin wuraren gado na duniya. Idan jirgi ya iso daidai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse a layi bakwai, wanda suke kira 'Yan'uwa Mata Bakwai, kowa sai ya ɗaga waya. Kaɗan ne suke juyawa su kalli ɗaya ɓangaren. A can, kimanin mita 250 sama da ruwa, akwai wani ɗan fili kore da ya maƙale a jikin dutse, da 'yan gidajen katako a kansa. Sunansa Skagefla, kuma gona ce. Daga saman jirgi ɗigo kawai za ka gani. Sai ka sauka ka shiga ƙaramin kwalekwale, ka kama hanyar ƙafa mai tsayuwa, inda a wasu wuraren sai ka riƙe abin dafawa da aka kafa a jikin dutsen, gwiwarka na rawa, numfashinka na sama-sama, sannan za ka iso. A saman na tarar da ɗakuna masu baƙin katako, rufinsu ƙasa ce da ciyawa ta tsiro a kai, ƙofa gajera da sai ka sunkuya. Taku kaɗan daga bakin ƙofar, ƙasa ta ƙare, sai sarari da ruwa can ƙasa. Mutanen yankin suna ba da labarin cewa iyaye kan ɗaure ƙananan yara da igiya idan za su fita wasa, don kada su gangara. A nan aka yi kiwon awaki da shanu, aka yanka ciyawa a gefen rami aka tara wa hunturu, aka haifi yara aka raine su, har zuwa farkon ƙarni na 20.

Wallahi wannan ne ya fi tsaya mini a rai fiye da ruwan da ke zubowa. Dutsen da muke cewa masha Allah, su barazana ne a kansu. Gonar Knivsfla da ke tsallake, kusa da magangarar ruwan, an tashe ta a 1898 saboda tsoron dutsen da ke samanta. A 1934, a Tafjord da ke maƙwabtaka, wani ɓangaren dutse ya ɓalle ya faɗa cikin ruwa da dare, igiyar ruwan da ta taso ta haura mita 60 a wasu wurare, ta kashe mutum 40. Har yau akwai tsauni a Akernes, a kan hanyar da jirage ke bi zuwa Geiranger, mai tsaga da ke ƙara buɗewa, an kewaye shi da na'urori ana sa masa ido dare da rana. Idan ka san wannan, za ka gane dalilin da ya sa mutanen Norwe kusan 800,000 suka yi ƙaura zuwa Amurka tsakanin 1825 da 1925. Arzikin da muke gani yau sabo ne, sai a 1969 aka gano man fetur mai yawa a tekunsu. Wanda bai sauka daga jirgi ba zai koma gida da tunanin cewa haka Allah ya yi su cikin daula tun fil azal.

Ga kuma abin da jiragen ke yi wa wurin kansa. Mazauna ƙauyen Geiranger na dindindin 'yan ɗaruruwa ne, ba su kai 300 ba. Jirgi ɗaya kan juye musu dubbai a safiya guda, wani lokacin ma biyu ko uku su haɗu. Ɗan titin ƙauyen ya cika, motocin safa su jera suna hawa tsauni, kuma yawancin baƙin a jirgi suka karya, a jirgi za su ci na dare. Injin jirgi ba ya mutuwa ko yana tsaye, domin akwai fitilu da ɗakunan girki da wuraren wanka da za a bai wa wuta, duwatsun kuma sun tokare iska ta kowane gefe, sai hayaƙin ya kwanta a kan ruwa. A 2018 majalisar dokokin ƙasar ta yanke cewa zuwa 2026 jirgin da ke fitar da hayaƙi ba zai shiga waɗannan mashigai na gado ba. Daga baya gwamnati ta sassauta: ƙananan jirage su fara a 2026, manyan kuma an ɗaga musu ƙafa zuwa 2032. Ni dai ban ji daɗin ɗagawar ba, don manyan ne tushen matsalar.

Ba na zargin mai shiga babban jirgi. Norwe ƙasa ce mai tsada ƙwarai, kuma jirgin ya haɗa maka makwanci da abinci da sufuri a farashi ɗaya. Wanda zai tafi da mahaifiyarsa mai ciwon gwiwa, ko mai ƙananan yara, ba shi da zaɓin da ya fi wannan, kuma Hajiya za ta ga ikon Allah daga kan kujerarta. Maganata da mai ƙafa da lafiya ce, wanda ya ce tarihi ya je gani.

Bergen ce ta fi nuna abin da nake nufi. An kafa birnin wajen shekarar 1070. A bakin tasharsa akwai jerin gidajen katako masu launin ja da rawaya, sun karkata sun jingina da juna, ana kiran unguwar Bryggen. Mutanen jirgi sukan tsaya a gaba su ɗauki hoto, su sayi rigar sanyi, su wuce. Alhali unguwar tana baya, cikin lunguna masu daɓen katako inda rana ba ta cika shiga ba, da ƙugiyoyin jan kaya har yanzu a rataye a saman bene. Wajen 1360 ƙungiyar 'yan kasuwar Jamus da ake kira Hansa ta kafa ofishinta a nan, suka riƙe cinikin kusan shekara 400. Duk Bahaushen da ya san zango zai gane tsarin nan take: fatake baƙi a garin wasu, da unguwarsu, da shugabanninsu, da dokarsu. Sai dai su maza ne zalla, an hana su aure muddin suna can. An hana kunna wuta a cikin gidajen saboda tsoron gobara, a ƙasar da sanyi ke ratsa ƙashi. Ɗakunan taro ne kawai a can baya ake hura wuta a dafa abinci. Yaran shago kuwa a cikin wasu akwatunan katako masu murfi suke kwana. Duk da haka gobara ba ta bar su ba. Ta 1702 ta cinye unguwar, gidajen da ake gani yau bayanta aka sake gina su a kan tsohon fasali.

Wata gobarar a 1955 ta sa masu binciken tarihi suka tona ƙasan wurin, suka samo ɗaruruwan 'yan sanduna da aka kankare rubutu a jikinsu da tsoffin haruffan mutanen arewacin Turai. Wasu alamar mai kaya ce da ake maƙalawa a dami, wasu addu'a, wasu soyayya. Ɗaya daga ciki saƙo ne ga wani mutum cewa Gyda ta ce ya koma gida. Shekaru ɗari bakwai ko fiye, wata mata ta aika a kira mata mutuminta. Gidan tarihin da ke ajiye da waɗannan yana nan gefen unguwar, amma yana buƙatar awa biyu da natsuwa, ba ido ɗaya a kan agogo ba.

To mene ne ya kawo Jamusawa wannan wuri mai ruwan sama kullum? Busasshen kifi. A can arewa, a tsibiran Lofoten, kifin kod kan zo yin ƙwai a ƙarshen hunturu. Masunta su kama, su fede, su ɗaure biyu-biyu ta wutsiya su rataye a kan manyan sandunan shanya na itace daga wajen Fabrairu zuwa Mayu. Ba gishiri, ba hayaƙi, iska mai sanyi ce kawai ke aikin, har kifin ya bushe ƙamas, ya iya shekaru bai lalace ba. Su lodo shi a jiragen iska zuwa Bergen, su karɓi hatsi, domin ƙasarsu ba ta noma abin da zai ishe su. Ɗan kasuwa ya ba da hatsi bashi a kan kifin baɗi, masunci ya ɗaure kansa da shi, wani lokacin har ɗansa ya gaji bashin. Kuma wannan kifin ba baƙonmu ba ne. Shi ne wanda ake sayarwa a kasuwanninmu, wanda Inyamurai ke kira okporoko suna sakawa a miya. Najeriya da Italiya suna cikin manyan masu sayensa har yau, kawunan ma da ake busarwa daban yawanci Najeriya ake kawo su. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 yana cikin kayan agajin da aka riƙa kai wa yara masu tamowa. Idan ka ce daga Najeriya kake a Lofoten, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Akwai wuraren da tsarin babban jirgi ba ya cika kaiwa. A wani reshe na Sognefjord akwai cocin Urnes, na katako zalla, da aka gina wajen 1130. Sai ka je ƙauyen Solvorn ka shiga ɗan jirgin fito, ka tsallaka, ka hau tudu da ƙafa. An taɓa samun irin waɗannan gine-gine fiye da dubu a ƙasar, yau saura 28. Sirrin daɗewarsu shi ne an ɗora ginshiƙan a kan dutse don kada su sha damshi, ana kuma shafe su da baƙin ƙaron itace, wanda ƙamshinsa ke tarbarka tun daga nesa. A bangon arewa akwai sassaƙar dabbobi masu dogon wuya suna cizon juna cikin sarƙaƙiya, an ciro ta daga wani ginin da ya girme wannan. Musulmi ba ibada ta kai shi ba. Ya je ganin aikin hannun bayin Allah ne, da yadda al'umma ke riƙe abin da kakanninta suka bari shekara 900.

Abin da nake ba da shawara shi ne jirgin gabar teku, wanda 'yan ƙasar da kansu ke hawa. An fara wannan layi na Hurtigruten a 1893 don kai wasiƙu da kaya da mutane arewa, kuma yau yana tashi daga Bergen zuwa Kirkenes kusa da iyakar Rasha, yana tsayawa a tashoshi 34. Fasinjansa 'yan ɗaruruwa ne. Za ka ga ana sauke kayan shago da tsakar dare a garin da bai fi titi biyu ba, ɗalibi ya shigo da jakarsa ya sauka a tasha ta gaba. Shi ma yana da nasa aibin, domin a ƙananan tashoshi minti goma sha biyar kawai yake yi. Amma ana sayar da tikiti daga tasha zuwa tasha, don haka kana iya sauka a Trondheim ka kwana, ka ga babban cocin Nidaros da aka gina a kan kabarin Sarki Olav wanda aka kashe a 1030, gobe ka kama wani jirgin. Idan ka wuce can ƙuryar arewa ka ga garuruwa ba tsohon gini, kada ka ce ba su da tarihi. Sojojin Jamus ne suka ƙone yankin Finnmark ƙurmus lokacin da suke janyewa a ƙarshen 1944, suka kwashe mutanensa da ƙarfi.

Abu na ƙarshe, wanda mai sayar da tikiti ba zai gaya maka ba, shi ne sallah. A Tromso, birnin da ke can arewacin ƙasar, rana ba ta faɗuwa kwata-kwata daga wajen ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli, kuma lokacin ne jirage suka fi zuwa. Ƙarfe sha biyun dare za ka ga rana a saman ruwa, manhajar wayarka kuma ta rikice. Musulmin garin, waɗanda ke da masallacinsu, suna bin lokutan Makka a irin waɗannan watanni. Wasu malaman kuma sun ce a bi gari mafi kusa inda dare da rana ke rabuwa. Ka zauna da malaminka tun kana gida ku tsayar da wanda za ka bi, ka rubuta lokutan a takarda ka saka a aljihu, don a tsakiyar teku ba lallai ka samu intanet ba.