Da jin kalmar "roka" sai a kulle ɗakin gwaji?

Makon jiya wani malamin kimiyya a wata sakandare da ke cikin birnin Kano ya nuna mini hoton abin da ɗalibansa suka haɗa: gorar lemo ta roba, an manna mata fukafukan kwali, an zuba ruwa bai kai rabi ba, sai famfon keke na dura mata iska. Burin yaran su kai ga ƙera ƙaramar roka da za ta ɗauki na'urar auna zafi da matsin iska a cikin gwangwani, ta sako shi da laima. Shugabannin makarantar na jin an ce "roka" suka sa aka kwashe kayan. Wai tsaro.

Ba sai an tuna mini hare-haren bama-baman da Kano ta gani a Janairun 2012 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma gorar ruwa fa, jama'a?

Irin rokar da ɗalibai ke ƙerawa ba kewaya duniya take yi ba. Wannan sai da gudun kusan kilomita 8 a daƙiƙa guda. Tasu tashi take yi ta dawo. In ta haura kilomita 100 ta taɓa sararin samaniya, kayan gwajin da ke cikinta su yi 'yan mintoci ba su da nauyi. A 2004 wasu masu sha'awa, ba gwamnati ba, suka harba wata roka mai suna GoFast daga hamadar Nebada a Amurka, ta kai kusan kilomita 116. A 2019 ɗaliban Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka haye wannan iyaka ta kilomita 100 da rokarsu Traveler IV. Kuma rabin wahalar aikin hannu ne: fiffiken da ba zai karye ba, wayoyin da jijjiga ba za ta tsinka ba, laimar da za ta buɗe a kan lokaci. Mai walda a Ƙofar Ruwa, mai gyaran waya a Farm Centre da telan unguwa, kowa da rabonsa a ciki.

Mu kuwa saye muka iya. An kafa NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, a 1999, aka ƙera mana tauraron ɗan Adam NigeriaSat-1 a Ingila, aka harba daga Rasha a 2003, muka yi ta tafi. Jihar da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977 ita ce yau ake tsoron famfon keke a cikinta.

Masu cewa talaka na fama da yunwa, ina ruwansa da sama, su faɗa mana buhun shinkafa nawa kulle gorar ya samar.

Man roka na gaske yana kisa, ban musa ba. To Jami'ar Bayero (BUK) ko jami'ar Wudil su riƙe wannan ɓangaren, su nemi izini da fili nesa da hanyar jiragen sama, yara su kawo gwangwanayensu. Malamin ya ce mini tun da aka hana, biyu daga cikin yaran sun koma bin YouTube a soron gidansu, ba mai duba abin da suke haɗawa.